Katin da Warwick Ya Ga Faɗuwarsa

Akwai satar da ake yi da hannu, akwai wadda ake yi da rufe baki. Ta hannun ko yaro ya san sunanta. Ta bakin ita ce mugunyar: mutum ya ga ɗan'uwansa ya yi tuntuɓe, ya yi gum, ya naɗe tuntuɓen nan ya sa a aljihu kamar guzuri, sai ranar da yunwa ta matsa masa ya ciro ya ci. Mai irin wannan hali yakan rantse bai taɓa kayan kowa ba, kuma gaskiyarsa, bai taɓa ba. Amma shiru ma magana ce. Wannan shi ne laifin Warwick Tulloch, kuma ga yadda ya biya.

Warwick mutumin Longford ne a tsibirin Tasmaniya, shekarunsa sun doshi hamsin. Sana'arsa tantance ulu. In lokacin askin tumaki ya zo yakan bi gonaki, ya tsaya a bakin tebur, a shimfiɗa masa gashin tunkiya, ya dube shi sau ɗaya ya ce wannan na kwat ne, wannan na bargo, wancan na shara. Ido gare shi kamar na shaho. Ya kuma san da haka, abin da ya ɓata shi ke nan.

Tun yana saurayi ya kamu da wasan katin nan da ake saye ana tarawa, masu hoton dodanni da mayaƙa, kowa ya haɗa daminsa na kati sittin ya zo a kara. Ba caca ba ce, ba a zuba ko kwabo a tebur. Suna ake nema, da kujera. A duk faɗin Tasmaniya kujera ɗaya ake bayarwa a shekara, wadda za ta ƙetara da mutum zuwa babbar gasa a Melbourne, inda ake zaɓen masu zuwa ta duniya. Warwick ya sha kaiwa teburin ƙarshe, bai taɓa tashi da kujerar ba. Kullum a bakin rijiya gugansa yake tsinkewa. Bana ya gaya wa matarsa, ya gaya wa kansa, cewa in bai ci ba ya haƙura, zai zuba katunan a akwati ya tura ƙarƙashin gado.

Ba a taɓa kama shi da maguɗi ba. Sai dai babu wanda ya kai shi ɗaga hannu ya kira alƙali. Dokokin wasan suna kansa kamar sunayen 'ya'yansa, kuma mutane da yawa sun rasa wasan da suka riga suka ci saboda wani ɗan kuskure da idon Warwick ya hango. In an yi gunaguni sai ya ce, "Ni na rubuta dokar?"

Ranar gasar Asabar ce a tsakiyar hunturu, a zauren wani kulob a Launceston. Ruwa yake ta tsiyaya tun safe, hayaƙin itace ya kwanta a kwarin da garin yake, sanyi yana shiga har ƙashi. A bakin ƙofa an kafa tanda ana soya sosej da albasa ana naɗewa a burodi. Can Warwick ya tarar da Gav Pybus, amininsa mai gyaran famfo, wanda a motarsa suke zuwa kowace gasa, yana kan sosej na biyu.

"Wazza," in ji Gav baki cike, haka yake kiran Warwick, "yau ma kujerar na biyu ka zo ɗumama mana? Ai ya kamata a rubuta sunanka a jikinta, a huta."

"Goge miyar tumatir ɗin nan daga gemunka tukuna," in ji Warwick. "Kai da ake fitarwa kafin shayi ya huce, har kana da bakin magana?"

"Ni don sosej nake zuwa, mutumina. Ban taɓa komawa gida hannu rabbana ba."

Kafin a fara, babbar alƙaliya ta hau kan wani benci. Noeline Direen ce daga Hobart, gajeriyar mace mai furfura, ta daɗe tana yanke hukunci a wannan wasa. Ta buga cokali a jikin kofi har aka yi tsit.

"Ku saurara, har da ku tsofaffin hannu da kuke ganin kun haddace. Tebur na mutum biyu ne. Duk abin da ya karkace a kansa, na ku biyun ne. Wanda ya yi kuskure za mu gyara, mu ba shi abin da doka ta ce. Wanda ya ga kuskure ya yi shiru don ya amfana, wannan ba kuskure ya yi ba, kuma ba hukuncin kuskure zai samu ba. Kun gani, ku faɗa a lokacin da kuka gani. Bayin hagu ya toshe, ku bi na dama. A fara."

"Ko a bayin ma ba a bar ni na huta ba," in ji Gav, aka yi dariya.

Warwick ya ji wannan jawabi ya fi a ƙirga. Ya ji shi kamar yadda ake jin ruwa a kan kwano.

Ranar kati ya ba shi haɗin kai. Ya bi ta kan abokan karawarsa ɗaya bayan ɗaya, har da wata malamar makaranta daga Burnie da kowa ke tsoro. Da la'asar sai ga shi a teburin ƙarshe, wanda ke gabansa kuwa Sitani Lolohea ne, wanda kowa ke kira Kawu.

Sitani mutumin Tonga ne, ya zo tsinkar tuffa shekaru da yawa da suka wuce, ya zauna. Yanzu a gonar kifi yake aiki can kogin Huon, hannunsa kullum cikin ruwan ƙanƙara, yatsun sun kumbura sun tsattsage. 'Yarsa ce ta koya masa wasan, da ta koma Brisbane ta bar masa katunanta. Tsoho ne ƙato, ga sanyin jiki, yana wasa a hankali kamar mai tsince wake, kuma ba wanda ya zaci zai kai nan, har shi kansa. Ya cire ƙaton kwat ɗinsa na aiki ya rataya a bayan kujera, gefensa yana jan ƙasa.

Wasa uku ake yi, wanda ya ci biyu ya tashi da kujera. Warwick ya ci na farko cikin sauƙi. Sitani ya ci na biyu da ƙyar. Saura na raba gardama.

Ga yadda al'adar take. Kafin kowane wasa kowa zai gauraya daminsa, ya miƙa wa abokin karawarsa ya yanka. Kafin a yanka, in kati ya faɗi, ɗauka kawai ake yi a mayar, babu laifi. Amma da zarar an yanka an fara, duk wanda aka samu daminsa bai cika sittin ba ya rasa wannan wasan, ko da gangan ne ko ba da gangan ba. An yi dokar ne saboda masu rage dami don katunansu masu ƙarfi su riƙa fitowa da wuri.

A ɗan tsakanin nan 'yan kallo suka watse neman shayi. Alƙalin da ke tsaye a kansu, wani dogo mai suna Dermot, aka kira shi teburin gefe inda ake rigima a kan matsayi na uku. Sitani yana gaurayawa da yatsunsa masu tauri, yana ba da labarin wani kifi da ya mare shi da wutsiya. Katunan suna cikin sababbin rigunan leda, santsi gare su. Sai ɗaya ya zame daga ƙasan damin, ya bugi gwiwarsa, ya sulale a ƙasa ya shige ƙarƙashin gefen kwat ɗin, ta wajen ƙafar kujera ta baya. Ko ƙara bai yi ba. Sitani bai ji ba, yana ta dariyar kifinsa.

Warwick ya gani. Tun daga zamewarsa har ɓuyarsa, idon shahon nan bai rasa komai ba.

Bakinsa ya buɗe da kansa, domin ba a haife shi mugu ba. Kalma huɗu ce: Kawu, katinka ya faɗi. Sai wani abu ya riƙe harshen. Ya ce a ransa, ni na yar? Kowa ya kula da kayansa. In na ci shi da ƙarfina, sai in sunkuya in ɗauko in miƙa masa, har ya gode mini, ba wanda ya cutu. In kuwa abu ya juya... Bai ƙarasa tunanin ba. Ba ya buƙatar ƙarasawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Warwick ya daɗe da tsagewa.

"Yanka, ɗan'uwa," in ji Sitani, ya turo damin. "Yi haƙuri da jinkiri, hannuna ya zama itace."

Warwick ya ɗauki damin. Yatsunsa da suka saba auna ulu suka ji kamar ya rage, ko kuwa zuciyarsa ce ta gaya musu. Ya raba shi biyu, ya ɗora na ƙasa a sama, ya mayar.

"Sa'a, Kawu."

"Sa'a, ɗan'uwa."

Mutane suka dawo da kofunansu, Dermot ya dawo ya tsaya, aka fara.

Da farko Warwick ne a gaba. Mayaƙansa suka fito da wuri, suka yi ta sassaƙar makin ran Sitani, wanda in ya ƙare an ci mutum. Ya fara jin sauƙi a ƙirjinsa, ya ce ai shi ke nan, katin da ke ƙasa ba zai yi amfani ba, zai tashi da hannu mai tsabta. Cikin wannan murna ya kai hari ya ce ya gama, Sitani ya yi nasa.

"Dakata," in ji Sitani, ya ɗora ƙaton yatsansa a kan wani katin Warwick. "Wannan mahayin naka ba yana ba ka kati ɗaya duk sanda ya kai hari ba? Ba ka ja ba. Ja abinka."

Warwick ya dubi katin. Gaskiya ne, ya manta. Ya ja.

"Kawu, kai wane irin mutum ne?" wani ya ce daga baya. "Kana wasa wa wanda zai yanka ka wuƙa?"

"Tebur na mutum biyu ne," in ji Sitani. "Ko ba haka Noeline ta ce ba? Ina tsoron matar nan fiye da kifi."

Ƙofa ta biyu ke nan aka buɗe wa Warwick. Da ya yi magana a nan, da ya sha faɗa da ƙila hukunci, amma da ya fita da sauran mutuncinsa. Ya sunkuyar da kai ya dubi katunan hannunsa.

Daga nan wasa ya fara juyawa. Sitani ya yi ta jera wasu ƙananan dodanni da ba wanda ke kulawa da su, ɗaya nan ɗaya can, har suka zama katanga. Mayaƙan Warwick suka yi ta dukan katangar suna faɗuwa. Sannan tsohon ya ajiye wani kati da ya ƙara wa kowannensu ƙarfi, sai ga ƙananan nan sun zama runduna. Warwick ya duba hannunsa, ya duba tebur, ya sake dubawa. Ya ja katinsa na ƙarshe da fatan ceto, ya samu wanda ba shi da amfani. In Sitani ya sake kai hari, an gama. Kujerar da ya bi tun gashinsa na baƙi tana shirin wucewa ta gabansa, a hannun mutumin da bai ma nema ba.

Ya ɗaga hannu.

"Alƙali!"

Dermot ya matso. "Ina ji."

"Damin Kawu bai cika ba. A ƙirga."

Aka yi ta kallon juna. Dermot ya tattara na hannu da na tebur da na ajiye, ya ƙirga a gaban kowa, ya sake ƙirgawa. Hamsin da tara. Sitani ya zaro ido, ya laluba aljihun rigarsa, ya zazzage akwatin katinsa, ya ɗaga tabarmar wasan. Babu. Dermot ya leƙa ƙarƙashin tebur bai ga komai ba. Ana ta nema, Warwick yana ta zafin rai, yana son a gama a wuce wurin. Masu magana sun ce baki shi ke yanka wuya.

"Ɗaga gefen kwat ɗinsa mana," ya ce. "Ta ƙafar kujera ta baya."

Dermot ya zagaya ya ɗaga. Ga kati kwance.

Sitani ya karɓa ya juya shi. "Kai, ɗan banza, nan ka ɓuya?" Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Kawu, ka san doka," in ji Dermot da murya ƙasa-ƙasa. "Wannan wasan ka rasa shi. Shi ne kuma na uku."

Tsohon ya daɗe yana kallon rundunarsa a tebur. Sannan ya miƙe, ya miƙa wa Warwick hannu. "Doka doka ce. Laifin yatsuna ne. Je ka ka wakilce mu da kyau, ɗan'uwa."

Warwick ya karɓi hannun, mai kaushi da sanyi. Aka yi tafi jefi-jefi. Gav kaɗai ya yi ihu, shi ma ya katse da ya ga ba mai taya shi.

Sai dai hukuncin rasa wasa ba ya tabbata sai babbar alƙaliya ta amince. Noeline ta iso da kofin shayinta, ta ajiye shi a gefe, ta saurari Dermot har ya gama.

"Wa ya ɗaga kwat ɗin?"

"Ni. Warwick ne ya ce in duba nan."

"Mayar da katin inda ka same shi. Saki kwat ɗin yadda yake. Kawu, zauna."

Ta ce Warwick ya tashi, ta zauna a kujerarsa. Ta duba. Ta karkata hagu, ta karkata dama, ta sunkuya ta leƙa ta ƙarƙashin tebur. Ta miƙe ta zagaya Sitani a hankali. Sannan ta ce wa Warwick ya biyo ta, suka shiga ɗakin girki na kulob ɗin, ta tura ƙofa. Ba a tuhumar mutum a gaban jama'a, wannan ma al'ada ce.

"Yaushe ka ga katin nan?"

"Yanzu. Dab da in kira."

"Daga kujerarka?"

"Daga ina kuma?"

"Warwick, na zauna a kujerarka. Na fi ka kusa da ƙasa, na sunkuya har wuyana ya yi ƙara. Babu abin da ake gani sai kwat. Zan sake tambayarka, ka yi tunani kafin ka ba ni amsa. Yaushe ka gan shi?"

Tukunyar ruwan zafi tana ta huci a bayansu. Ya nemi hanya ya rasa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Sai girman kai ya zo ya karɓi magana.

"To, na ga faɗuwarsa. Sai me? Laifi ne mutum ya kasance da ido?"

"Yaushe ya faɗi?"

"Yana gaurayawa."

"Kafin ka yanka."

"Kafin in yanka."

"Ka yanka kana sane."

"Noeline, ni na yar da shi? Ni ne mai gadin katinsa? Nuna mini kati ɗaya da na taɓa ba bisa ƙa'ida ba, yau ko wata rana. Shi ya karya doka, ni na kawo ƙara. A wace ƙasa ake ɗaure mai ƙara a saki mai laifi?"

"Da kai ke cin wasan, za ka kira?"

Ya kau da kai.

"Dokar dami maras cika an yi ta ne don ta toshe wa mai ɓoye kati hanya," in ji ta. "Kai ka ɗauke ta ka sa a aljihu ka jira. In ka ci, ka ci. In ka faɗi, ka ci. Shi kuwa ya zauna yana ta zufa a kan wasan da ka riga ka kashe tun kafin a fara. Sannan na tambaye ka, ka yi mini ƙarya. Na kore ka daga gasar nan. Zan kuma kai maganarka gaba wurin shugabannin wasan na ƙetare, su za su yanke tsawon dakatarwa."

"Kin san shekara nawa nake bin kujerar nan?"

"Na sani. Ina tsaye a kanka a mafi yawansu." Muryarta ta yi laushi kaɗan, hukuncin bai yi ba. "Shi ya sa abin ya yi mini ciwo."

Da suka fito ta faɗa wa jama'a a taƙaice. An kori Warwick. Sitani ya samu gargaɗi a kan sakaci da katinsa, kuma kujera tasa ce. Zaure ya kaure.

"Haba, Noeline!" in ji Gav, fuskarsa ta yi ja. "Wannan wane irin adalci ne? Wanda ya yar da kati ya tafi Melbourne, wanda ya kalla kawai ya tafi gida? To mu riƙa zuwa da ido a ɗaure mana!"

"Zo da idonka, Gav, ka haɗo da bakinka."

Malamar nan ta Burnie ta ce ita dai tana ganin hukuncin ya yi tsauri. "Duk su biyun da laifi. A yi musu gargaɗi, a sake wasan, wanda ya ci ya ci."

Wasu suka ce haka ne. Noeline ta jira suka lafa.

"In na sa a sake, me Warwick ya rasa? Ya jefa ƙugiya. Ta kama, ya ci kifi. Ba ta kama ba, in mayar masa da ƙugiyarsa in ce sake jefawa? Gobe duk wanda ya ga kati ya faɗi a zauren nan zai san shiru ba ya da tsada. Ba laifi ɗaya suka yi ba. Ɗaya hannunsa ne ya kuɓuce. Ɗayan ya zauna ya yi shawara."

Sitani ya miƙe da nauyinsa. "Noeline, ni na yar da katin. A sake mana wasan. Ba na son kujerar da za a ce tsinta na yi."

"Ba tsinta ka yi ba, Kawu, kowa ya ga teburin. Kuma ba kai kaɗai aka cuta ba, balle ka yafe kai kaɗai."

Tsohon ya juya ya dubi Warwick, wanda ke tsaye yana cusa katunansa a akwati. Ba da fushi ya yi tambayar ba, da ma da fushi ne da ta fi sauƙi.

"Ɗan'uwa, lokacin da na ce ka ja katinka, kana sane nawa yana ƙasa?"

Warwick ya ci gaba da cusa katunansa.

"To," in ji Sitani. Ya ɗauki kwat ɗinsa ya saka.

Har yau in an zauna shan shayi bayan wasa akan tayar da maganar, kuma akwai masu cewa Noeline ta yi tsanani, mutum bai ƙara kati ba, bai ɓoye ba, bai leƙa na wani ba. Masu faɗin haka hannu kawai suke dubawa. Wasan nan kuwa ba ya tsayuwa da alƙalai, domin alƙali ɗaya ba zai tsare tebur ashirin ba. Yana tsayuwa ne da cewa wanda ke gabanka, duk da yana neman kayar da kai, zai gaya maka in kayanka ya faɗi. In wannan ya tafi, me ya saura? Mai kuskure kati ɗaya ya ɓata. Mai shiru amanar zauren ya ɓata, kuma awo da awo ake biya.

A hanyar Longford ruwa bai tsaya ba. Gav yana tuƙi, bai kunna rediyo ba, bai yi tsiya ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya kare amininsa a gaban jama'a, amma yanzu su biyu ne. Sun wuce mararrabar Perth kafin ya buɗe baki.

"Wazza, bara a Devonport. Da ka kira mini alƙali a kan katin da na ajiye ba lokacinsa ba. Nan take ka gani, ko jira ka yi?"

Warwick ya dubi gonakin da ke wucewa, tumaki sun taru a gindin shinge sun juya wa ruwa baya.

"Ba kai kaɗai ba ne, Gav. Haka ake wasan."

"Ba haka nake yi ba," in ji Gav. Ya sauke shi a ƙofar gida, bai shiga shan shayi ba.

Ga abin da Warwick Tulloch ya rasa. Ya rasa kujerar Melbourne, Sitani ya tafi a kanta. Ya rasa matsayin na biyu da kyautarsa, domin wanda aka kora ba shi da matsayi, aka matso da na uku. Hukunci ya zo daga ƙetare, an dakatar da shi shekara biyu daga kowace gasa, ɗaya ta shirun, ɗaya ta ƙaryar. Ya rasa motar Gav, da Gav ɗin. A shagon da ake taruwa wasan Juma'a ba wanda ya hana shi shiga, amma duk wanda ya zauna gabansa sai ya ƙirga daminsa da ƙarfi ya leƙa ƙarƙashin kujera kafin ya miƙa masa, har ya daina zuwa don kansa. Duk wasan da ya taɓa ci da kiran alƙali, mutane suka koma suka sake auna shi, har da waɗanda ya ci da gaskiya, ba wanda ya ƙara lissafa masa su.